Lamba ta Uku a Ƙirjin Janar

Ku gyara zama, wanda ke tsaye ya nemi wuri, don labarin mai cika baki ba a jinsa a tsaitsaye.

A wata unguwa an yi wani mutum da ake kira Kyaftin. Ba hukuma ce ta ba shi wannan muƙami ba, shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta nanatawa har mutane suka gaji suka bi shi a haka. Ya yi shekaru yana aiki a sansanin mayaƙan sama, wannan kam gaskiya ne. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne irin aikin. Aikinsa korar tsuntsaye ne daga titin da jirage ke tashi, don kada wani ya faɗa cikin injin. Kayan aikinsa tsohon gwangwani ne da sanda, sai kuma wani ihu da ya ƙirƙiro da kansa, wanda ke farawa kamar jiniya ya ƙare kamar kukan jaki. Duk unguwar matarsa kaɗai ta san wannan. Ita kuwa mace ce mai rufin asiri a waje, amma in suna su biyu a tsakar gida bakinta ya fi barkono yaji.

Majalisarsa ƙofar shagon Tela ce, taubashinsa. A wurin akwai benci biyu da kujera guda mai hannu da matashi. Tun ranar da Kyaftin ya bar aiki ya dawo unguwa ya haye kujerar nan, ya ce bayan matuƙin jirgi ba ya jure benci. A kanta yake ba da labari da hantsi, a kanta yake barci in rana ta take, kai a karkace, baki a buɗe.

A bangon shagon akwai hoton Janar, wanda Tela ya yanko daga jarida ya manna. Janar ɗin ɗan unguwar ne, ya bar ta tun yana ƙarami, ya zama matuƙin jirgin yaƙi, ya yi ta hawa har ya kai inda ba sauran hawa. A hoton ƙirjinsa cike yake da lambobin yabo, sahu a kan sahu. Ba ranar da Kyaftin ba ya nuna hoton da sandarsa.

"Kun ga yaron nan?" in ji shi. "A hannuna ya tashi. Bai taɓa barin ƙasa ba sai na ɗaga masa hannu. Ku dubi lamba ta uku daga hagu, mai jan ƙyallen nan. Wannan ba don ni ba, ko a mafarki ba zai gan ta ba."

Tela ya cire allura daga baki ya ce, "To kai taubashi, naka lambobin fa? Ƙirjinka nake gani fayau kamar filin ƙwallo. Ko asu ne ya cinye?"

"Mu manya ba mu rataye-rataye. Yaro ake ba abin wuya ya yi murna."

"Haka ne. Shi ya sa ba a taɓa ganin jaki da awarwaro ba."

Ana nan ana nan, wata rana da hantsi sai ga Hedimasta ya faɗo majalisa yana haki, gilashinsa a kan hanci. Ya ce sababbin azuzuwan nan da aka gina a makarantarsa, ashe Janar ne ya gina su a ɓoye, kuma zai zo da kansa ya buɗe su cikin kayan sarki, da lambobinsa duka.

Kowa ya juya ya dubi kujera mai hannu.

Tela ya ajiye almakashi. "Alhamdu lillahi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Taubashi, ga shaidu. In Janar ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce kai ne sanadin lamba ta uku, kujerar nan ta zama taka har abada, ni zan ɗauke ta a kaina in kai maka har gida. In kuwa bai faɗa ba, ka sauka ka koma benci, sunan Kyaftin kuma ka ajiye mana shi a nan."

"Ka tanadi gammo," in ji Kyaftin, ya kurɓi shayi ya ƙona harshe.

A hanyar gida ya yi ta saƙa da warwara. Abu ɗaya ya kwantar masa da hankali: shekaru sun tura, ya tara gemu, ya ajiye tumbi, Janar ba zai gane shi ba. Babban mutum kuwa in ka faranta masa rai a bainar jama'a, ko ka ce kai ne kakansa gyaɗa kai zai yi. Saura kawai a nemo abin da zai faranta masa. Kafin ya kai ƙofar gida dabara ta faɗo masa, ya juya ya nufi makaranta.

"Malam Hedimasta, me kuka shirya wa yaron nan?"

"Waƙar yara da jawabi."

"Waƙar yara? Janar na mayaƙan sama? Ai sai ya ɗauka zagi ne. Mu a tsarinmu faretin sama ake yi. Jirage su wuce ta kansa a jere suna fesa hayaƙi mai launi."

"Ina za mu sami jirage, Kyaftin?"

"Na yi waya, duk suna bakin aiki. Amma wanda ya iya koyar da tashi, ko me ka ba shi mai fiffike zai jera shi."

Mai Aski na bakin layi yana da tantabaru cike da akurki, yana ji da su fiye da 'ya'yan cikinsa. Da fari ya ƙi. Sai da Kyaftin ya yi masa alkawarin cewa Janar zai zauna a kujerar shagonsa a ɗauke su hoto tare, sannan ya yarda, bisa sharaɗin ko gashi ɗaya kada ya faɗi.

Da matar Kyaftin ta ga ana shigo da keji tsakar gidanta, sai ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Malam, kai da tsuntsu? Rabin rayuwarka ka yi kana korarsu, yanzu kuma kai ne malaminsu?"

"Rage murya, maƙwabta na ji."

"Su tantabarun ai sun riga sun ji. Dubi yadda suke kallonka. Iyayensu sun ba su labari."

Washegari ya hau rufin ɗaki da keji da usur. Ya jera tantabaru a kan kwano, manya gaba ƙanana baya, ya raba musu muƙamai, ya yi musu jawabi a kan ladabi da biyayya. Ya busa usur. Kowace ta kama gabanta, suka yi fir suka koma gidan ubangidansu, suka faɗa shagon aski ta taga. A daidai lokacin Mai Aski yana gyara wa wani direban babbar mota gashin baki, wanda ya yi shekaru yana tattalinsa. Hannu ya goce, rabin gashin baki ya faɗi ƙasa.

Direba ya zo har ƙofar shagon Tela, hannu a kan leɓe, yana tambayar wane ne Kyaftin.

"Ga shi nan a kujera," in ji Tela. "Amma ka yi a hankali, babban jami'i ne. Yanzu ma daga fagen fama yake."

"A kowane atisaye ana samun 'yar asara," in ji Kyaftin. "Ka aske ɗaya rabin, ƙasa za ta tuna da kai."

Sai da aka rirriƙe direba.

Kyaftin ya gane inda matsalar take: rashin haɗin kai. Ya debo ƙyallaye daga kwandon sharar Tela, ya tufka doguwar igiya, ya ɗaure ƙafar kowace tantabara a jikinta, tazara daidai wa daida. Ya busa usur. Suka tashi tare kam, wannan ba a musu. Sai dai ta gaba ta nufi gabas, ta baya ta nufi yamma, na tsakiya suka rasa wa za su bi, duka suka je suka nannaɗe a eriyar maƙwabci. A ƙarƙashin eriyar nan magidanta ne cike da falo suna kallon ƙwallo, ana shirin bugun daga kai sai mai tsaron gida. Hoto ya ɗauke. Ihun da ya fito daga falon nan ya kusa kamo na Kyaftin a zamaninsa.

Ya rarrafa a kan kwano don ya kwance rundunarsa kafin masu kallo su fito. Kwanon kicin ɗin gidansa kuwa ya daɗe da cin tsatsa, ba a kuma yi shi don tumbi irin nasa ba. Ji kake ɓurum, Kyaftin ya sauka zaune daram cikin bahon wankin matarsa, kumfa har gemu.

Ta leƙo, ta dubi ramin da ke rufi, ta dube shi.

"Sannu da sauka, Kyaftin. Yau an manta lemar dirowa daga jirgi a gida ne?"

"Saukar gaggawa ake ce mata. Ana koyar da ita."

"Na ga alama ka ƙware. Tunda kana ciki, cuɗa min wuyan rigar nan."

Wanda bai ji bari ba, aka ce, zai ji hoho, amma Kyaftin bai ji ko ɗaya ba. A zaune cikin bahon ma idonsa ya faɗa kan ƙullin bula da matarsa ke sa wa fararen kaya. Ga hayaƙi mai launi Allah ya kawo. Ya ƙulla garin bular a 'yan ƙananan leda, ya huda kowace da allura, ya ɗaura wa tantabaru a ƙafa. Wannan karon suka bi ta kan shagon Tela, inda ya shimfiɗa farin yadin wani ango a kan tebur a waje yana shirin yankawa.

Tela ya tsaya yana kallon yadin, wanda ya koma kamar ƙwan zabuwa.

"Na gode, taubashi. Mai kayan fari ya ce yana so, amma shi me ya sani?"

"Ka dai ga launi ya fita," in ji Kyaftin. "Saura jeri."

Jerin ne ya gagara. Ya gwada usur, ya gwada tafi, ya gwada lallashi, har ya rage wa wata babbar tantabara muƙami a gaban 'yan'uwanta. Duk a banza. Sai wata safiya matarsa ta wanke babban farantinta na silba da toka, ta zuba ɗan hatsi a kai za ta tsince, ta ajiye a rana. Farantin ya ɗauki ido. Tantabarun da ke kan katanga suka taso gaba ɗaya, a miƙe kamar an ja zare, suka dira a kai.

Kyaftin ya miƙe tsaye a hankali.

"Abin da nake ta shiryawa ke nan," in ji shi.

Daga ranar ya kafa doka. Ba tantabarar da za ta ga ƙwayar hatsi sai a kan farantin nan, kuma sai ya walƙa mata shi daga nesa. Ya kai su filin makaranta, Mai Aski ya riƙa buɗe keji daga kan rufin tsohon aji, shi kuma yana can ƙarshen fili wajen raga yana juya faranti a rana. Suka riƙa ratsa filin a jere, bula na bin bayansu. Abin ya yi kyau har Hedimasta ya cire gilashi ya goge.

Da ranar ta matso sai ya rage musu abinci, ana jajibiri kuma ya hana su gaba ɗaya.

Mai Aski ya ɗaga guda ya auna a tafin hannu, idonsa ya kawo ruwa. "Kyaftin, 'ya'yan nan nawa sun rame. Wannan ƙashi ce kawai da gashi."

"Ka taɓa ganin jirgin yaƙi da tumbi? Yunwa ita ce man jirgi."

Ya je kasuwar gwanjo ya sayo wata jar kwat mai maɓallan zinariya da igiyoyi a kafaɗa, irin ta masu buɗe wa baƙi ƙofa a manyan otal. Hular ta yi masa yawa, ya cusa jarida a ciki. Matarsa ta dube shi sama da ƙasa ta ce in an tashi taro ya taimaka ya ɗauko mata jakarta daga mota.

Ranar taro filin makaranta ya cika ya batse. An kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗaura jan ƙyalle a ƙofar sabon aji. Rana ta fito tarwai. Motoci suka tsaya, Janar ya fito: dattijo siriri, marar yawan magana, yana ɗan ɗingisa ƙafar dama. Kayan sarkinsa farare tas, lambobin ƙirjinsa an goge su har ba a iya kallonsu kai tsaye.

Yara suka yi waƙa. Hedimasta ya kama lasifika ya shiga lissafo lambobin ɗaya bayan ɗaya, wannan ta jarunta, wannan ta daɗewa a aiki, wannan wata ƙasa ce ta ba shi, har masu kujerun gaba suka fara gyangyaɗi.

Kyaftin yana can wajen raga shi kaɗai da faranti, gumi na bin jar kwat. Ya hango mai hoto yana ta ɗaukar mutanen rumfa. Ya hango Tela a sahu na biyu, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya duba hagu ya duba dama, ba mai kallonsa sai wata akuya. Ya ce a ransa, wane irin kwamanda ne zai ja fareti daga inda ba a ganinsa? In Janar ya tambayi wa ya shirya wannan, sai a nuna masa raga? Ya rungumi faranti, ya zagaya ta bayan jama'a, ya kutsa cikin rumfa, ya tsaya daidai bayan kujerar Janar inda hoto ba zai tsallake shi ba. Inuwa mai sanyi ta rufe shi, shi da farantin.

Hedimasta ya roƙi babban baƙo ya taso ya yanke ƙyalle. Janar ya fita daga rumfa ya tsaya a tsakiyar rana, aka miƙa masa almakashi, aka matso masa da lasifika.

"Kafin nan, ranka ya daɗe," in ji Hedimasta, "unguwa ta shirya maka faretin sama, ƙarƙashin jagorancin tsohon malaminka."

Janar ya ɗaga gira. Kyaftin ya busa usur.

Mai Aski ya buɗe keji. Tantabaru suka tashi, suka yi kewaye guda a sararin sama, shuɗin gari na bin su. Jama'a suka ɗauki tafi. Kyaftin ya ɗaga faranti ya juya shi dama, ya juya shi hagu. Faranti a inuwa kuwa ba shi da maraba da murfin tukunya. Tantabaru suka sake kewayawa, yunwa na cinsu, suna neman abin da ke walƙiya.

Janar ya ɗaga kai don ya ga faretin, ya buɗe ƙirji kamar yadda soja ke yi. Rana ta daki lambobin nan gaba ɗaya.

Jerin da Kyaftin ya sha wahala yana nema, ranar ya same shi cikakke. Suka sunkuyo a miƙe, babba gaba ƙanana baya, ba wadda ta kauce. Suka dira a ƙirjin Janar, da kafaɗunsa, da kan hularsa. Suka shiga saran lambobi suna neman hatsi, ji kake ƙwas ƙwas ƙwas ta cikin lasifika. Bula ta tashi kamar hayaƙi. Fararen kayan sarki suka koma irin yadin angon Tela, wasu tantabarun kuma don tsoro suka ƙara musu ado da abin da ba bula ba.

Masu tsaron Janar suka zaburo, suka rasa wa za su kama. Hedimasta ya shiga fifita da takardun jawabi yana cewa, "Don Allah ku yi haƙuri," ba a san ko da Janar yake ko da tsuntsayen ba. Mai Aski daga kan rufi yana roƙon kada a taɓa masa 'ya'ya.

Hali zanen dutse ne. Kyaftin ya ga tsuntsaye a kan matuƙin jirgi, jikinsa bai tsaya shawara da kansa ba. Ya cire takalmi ƙafa ɗaya, ya fito daga rumfa a guje, a duƙe, gwiwar hannu na sama da ƙasa, yana dukan faranti da takalmin. Sannan ya buɗe maƙogwaro ya saki ihun nan da ya yi shekaru yana ɓoyo, ya fara kamar jiniya, ya hau, ya hau, ya karye ya ƙare kamar jaki.

Tantabaru suka watse kamar an harba bindiga. Ba su kaɗai ba, hatta kajin maƙwabta sun shige ƙarƙashin gado, ungulayen da ke kan bishiyar bayan makaranta suka tashi ba su waiwayo ba. Hular Kyaftin ta faɗi, jarida ta zubo.

A ƙasa, daidai ƙafarsa marar takalmi, ga lamba guda ta tsinke ta faɗi, mai jan ƙyalle. Ya sunkuya ya ɗauka. Ita ce, ta uku daga hagu. Bai taɓa zaton tana da nauyi haka ba.

Janar ya cire gashin tsuntsu daga leɓensa. Bai dubi rigarsa ba, Kyaftin yake kallo.

"Wannan ihun," in ji shi a hankali, lasifika kuwa ta kai maganar har bakin titi, "ko a kabari na ji shi zan gane mai shi. Mai Gwangwani, kai ne a bayan gemun nan?"

Kyaftin ya ƙame, ya sara da hannun da ke riƙe da takalmi. "Ranka ya daɗe."

Tela ya taso daga sahu na biyu yana gyara hula. "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, tambaya gare mu. Wannan taubashina ne. Ya ce mana ba ka taɓa barin ƙasa ba sai ya ɗaga maka hannu."

"Gaskiya ya faɗa. Shi ke korar mana tsuntsaye daga titin jirgi. In ya ɗaga hannu, titi ya yi tsabta ke nan, sai mu tashi."

Dariya ta fara tashi ƙasa-ƙasa daga baya. Tela ya ɗaga hannu a saurara.

"Jirgin fa, ranka ya daɗe, ya taɓa tuƙawa?"

"Ya sha shiga inuwar fiffikensa."

"To saura ɗaya. Ya ce lambar nan da ke hannunsa, ba don shi ba da ba ka same ta ba."

Janar ya dubi lambar, ya dubi Kyaftin.

"Wannan ma gaskiya ce," in ji Janar. "Ina ƙaramin hafsa lokacin. Rana ta take, ina kan titi ina jiran alama. Na hango shi can gindin bishiya ya ɗaga hannu, na taka wuta. Ban gama barin ƙasa ba ungulu ta shige min inji. Na juyo da jirgi yana ci da wuta na sauke shi, ƙafar nan tun ranar take ɗingishi. Manya suka ce jarunta ce, suka maƙala min wannan. Da aka bincika, ashe barci yake yi. Ƙuda ne ya sauka masa a hanci ya kora."

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, girgizar ƙasa ce. Direban nan mai rabin gashin baki ya faɗo daga kan benci. Hedimasta ya toshe baki da jawabinsa, kafaɗunsa na rawa. A can cikin mata, matar Kyaftin ta ja mayafi ta rufe fuska, mayafin ma rawa yake.

Janar ya miƙa hannu. "Kawo. Ka riga ka ba ni ita sau ɗaya, wannan na biyu ke nan. Ka bar ni haka, ƙafa ɗaya ta rage min."

Ya karɓa ya sa a aljihu, ya yanke ƙyalle da shuɗin hannu, ya shiga mota. Hoton da aka yi wa Mai Aski alkawari kuwa har yau ba a wanke shi ba.

Tela mutum ne mai cika alkawari. Da yamma ya naɗa gammo, ya ɗora kujera mai hannu a ka, ya bi tsakiyar layi da ita, rabin unguwa na biye da shi. Ya yi sallama ya sauke ta a tsakar gidan taubashinsa.

"Ga kujerarka, Mai Gwangwani. Janar ya faɗa da bakinsa, ka ci. Dama mun daɗe muna mamakin inda ka koyi barci a zaune, ashe horon soja ne."

"Kun dai ji da kunnenku," in ji shi daga bakin ƙofar ɗaki. "Na yi muku ƙarya?"

"Ko kaɗan. Mu ne ba mu iya tambaya ba."

Daga ranar sunan Kyaftin bai sake fita daga bakin kowa ba. Majalisa ta ci gaba a kan benci, shi kuwa ya ga ba zai iya zuwa ya zauna a benci ba, ba zai kuma iya ɗauko kujera a ka ya bi layi da ita ba, don haka ya zauna gida. Tantabarun da suka dawo daga gudun hijira suka ƙi akurkin Mai Aski, suka tare a katangar gidan da suka san faranti. Matar gida ta ga ba ta da sauran shanya. Ta jawo kujera mai hannu ta ajiye kusa da tabarmar hatsinta, ta kawo tsohon gwangwani da sanda ta ɗora wa mijinta a cinya.

"Ga ofis, ga kayan aiki. Ka koma bakin aikinka, ranka ya daɗe."

Ya karɓa yana cewa ba kowa ake ba tsaron sararin sama ba.

Da rana ta take wata maƙwabciya ta shigo aron turmi. Ta tarar da tantabaru sun rufe tabarma ruf suna ta aiki, maigidan kuwa kai a karkace, baki a buɗe, sanda ta zame ƙasa. Wani ƙuda ya sauka masa a hanci. Hannunsa ya tashi sama a hankali.

"Ba za ki tashe shi ba?" in ji maƙwabciya. "Hatsin fa ya kusa ƙarewa."

Matar ta dubi hannun da ke sama, ta ci gaba da tsintar abin da take tsinta.

"Ƙyale shi, yaya. Wani yake nema wa lamba."

A nan na baro su, shi da kujerarsa da ƙudansa. Wanda ya bi ta layin ya ga hannu a sama, ya dai duba titi da kyau kafin ya tashi.